Me ya sa Ravens ke barin 'yan wasanta su tafi a watan Maris?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ban daɗe da fara kallon ƙwallon Amurka ba, Lamar Jackson ne ya ja ni har na zama ɗan Baltimore Ravens. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, duk watan Maris sai in ga wasu ƙungiyoyi suna zuba ɗaruruwan miliyoyin dala, mu kuwa sai dai mu ga namu suna tafiya. Kuma na ga ana sallamar ɗan wasa alhali da sauran shekara biyu a kwantiraginsa, ba a biya shi ragowar ba. Rowa ce, ko akwai abin da ban gane ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da shigowa cikin masu kwana ido biyu daren Lahadi.

Ba rowa ba ce. A gasar NFL, ko mai ƙungiya ya fi Ƙaruna dukiya ba shi da ikon kashe abin da ya ga dama, kuma ko ya fi kowa maƙo ba shi da ikon ƙin kashewa. Sannan manyan lambobin nan da ke yawo a watan Maris, kaso mai tsoka daga cikinsu kuɗin takarda ne da ba zai taɓa shiga aljihun kowa ba. Duk lokacin da ka ji an ce wane ya sa hannu a kan kaza, tambaya biyu za ka yi: nawa ne garanti a ciki, kuma me ya sa tsohuwar ƙungiyarsa ta yarda ya tafi?

Da farko ka ajiye idon ƙwallon Turai a gefe, don shi ke rikita yawancinmu. A can mun saba ƙungiya mai kuɗi ta taya ɗan wasa a hannun wata, a yi ciniki, a biya. A NFL ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga hannun wata ƙungiya. Ko dai kwantiraginsa ya ƙare ka tattauna da shi kai tsaye, ko kuma ku yi ba-ni-in-ba-ka, ka bayar da wani ɗan wasan ko gurbinka a zaɓen sababbin 'yan wasa na ƙarshen watan Afrilu, wanda ake kira diraf. Ƙungiyoyi 32 ne, babu mai faɗawa ƙaramar gasa, kuɗin talabijin kuma raba-daidai ake yi. A kan wannan aka ɗora gejin albashi, wato iyakar abin da kowace ƙungiya za ta lissafa wa 'yan wasanta a shekara. Da aka fara shi a 1994 dala miliyan 34.6 ne. A 2024 ya kai miliyan 255.4, a 2025 ya zama miliyan 279.2. A 2021 ya yi ƙasa daga miliyan 198.2 zuwa 182.5, saboda korona ta hana 'yan kallo shiga filaye, kuma shekarar ƙungiyoyi suka sha wuya. Gejin Dallas Cowboys, wadda ta fi kowace ƙungiya daraja a kasuwa, shi ne dai gejin Green Bay Packers da ke wani ɗan ƙaramin gari. Ta ƙasa ma akwai iyaka: yarjejeniyar gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta tilasta wa kowace ƙungiya kashe aƙalla kashi 90 cikin 100 na gejin idan aka haɗa lissafin 'yan shekaru. Ke nan kowa kashewa yake yi. Bambancin yana kan wa aka ba kuɗin, kuma yaushe.

Ita kanta kasuwar ba tsohuwa ba ce. Sai a 1993, bayan 'yan wasa sun yi ta maka gasar a kotu, aka ba wanda kwantiraginsa ya ƙare cikakken 'yancin zaɓen inda zai je. Wanda ya fara girgiza kasuwar shi ne Reggie White, ya bar Philadelphia ya koma Green Bay a kan dala miliyan 17 na shekara huɗu, kuma Packers ta ɗauki Super Bowl, wato kofin gasar, da shi a Janairun 1997. Tun daga lokacin kowane magoyin baya ke mafarkin ƙungiyarsa ta samo nata Reggie White. Matsalar ita ce masu ƙungiyoyi ba su sake barin ƙofar a buɗe haka ba.

Yaron da aka ɗauka a diraf yana sa hannu a kan shekara huɗu da albashi ƙayyadadde, idan kuma a zagayen farko aka ɗauke shi, ƙungiya na da damar ƙara masa ta biyar. Sai ya cika kaka huɗu kafin ya zama cikakken mai 'yancin kansa. Ko ya cika ɗin, akwai abin da zan kira tambarin riƙo: kowace shekara ƙungiya na iya buga wa mutum ɗaya tambari, ta riƙe shi na kaka guda a kan kuɗin da ake lissafawa daga albashin manyan mutum biyar na matsayinsa, ko kashi 120 cikin 100 na albashinsa na bara, duk wanda ya fi yawa. Lamar ɗinka an buga masa shi a Maris 2023, na dala miliyan 32.4, irin wanda ke bai wa wasu ƙungiyoyi damar tayawa amma su biya Ravens gurbi biyu na zagayen farko idan ta sallama. Ba wadda ta taya. A watan Afrilu ya sa hannu a kan miliyan 260 na shekara biyar, 185 a ciki garanti, ba tare da wakili ba, da kansa ya yi cinikinsa, kuma a kakar ya sake zama gwarzon gasar. Bayan shekara guda aka buga wa Nnamdi Madubuike tambarin, bayan ya kayar da kwatabak, wato mai jefa ƙwallo irin Lamar, sau 13, kafin a yi kwanaki aka daidaita a kan miliyan 98 na shekara huɗu. To ka ga kuɗin Ravens inda yake tafiya. Ta kashe, amma a cikin gida, kuma irin wannan ba ya tayar da ƙura kamar sabon baƙo.

Abin da wannan ke nufi shi ne, mutumin da ƙungiya ta tabbata ba za ta iya rayuwa ba shi ba, da wuya ya iso kasuwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya iso, ko shekaru sun fara ja, ko akwai tsohon rauni, ko halinsa ya ishi mutanen gidan, ko matsayinsa ba a biyansa da tsada, ko kuma ƙungiyar ta cika gejinta da wasu. Dalili na ƙarshen nan shi ne inda riba take. Sauran kuwa sai an yi taka-tsantsan.

Yanzu ga batun lambobi. Kasuwar na buɗewa a tsakiyar Maris, ranar Laraba ƙarfe 4 na yamma agogon New York, amma tun ranar Litinin da tsakar rana, wato ƙarfe 5 na yamma agogon Najeriya da Nijar, aka yarda wakilai su fara tattaunawa. Kafin awa guda za ka ga 'yan jarida irin su Adam Schefter na ESPN da Ian Rapoport sun fara sakin labarin kwantiragin shekara huɗu-huɗu. Kowa ya san ba a cikin awa guda aka ƙulla su ba, tun a taron gwajin matasa na Indianapolis a ƙarshen Fabrairu ake raɗe-raɗin. Wani lokaci gasar kan kama wani ta hukunta. Atlanta ta rasa gurbi na zagaye na biyar saboda ta yi gaggawar tuntuɓar Kirk Cousins da wasu a 2024. Abin lura shi ne, lambar farko da ke fitowa yawanci daga bakin wakilin ɗan wasa take, shi kuwa so yake a ji ya ciyo wa mutuminsa babban kuɗi, don wasu su kawo masa aiki. Ainihin takardar sai bayan kwana biyu ko uku take bayyana a shafuka irin su Over The Cap da Spotrac, lokacin kowa ya gama murna ko zagi.

Bari in ƙirƙiro kwantiragi na misali mu warware shi tare. An ce wane ya samu dala miliyan 80 na shekara huɗu. A ciki kuɗin sa hannu miliyan 24 ne, ana ba shi nan take. Albashin shekarar farko miliyan 2, ta biyu 14, ta uku 18, ta huɗu 22. Garanti ya tsaya a kan kuɗin sa hannu da albashin shekara biyun farko, jimla miliyan 40. A littafin geji, doka ta yarda a rarraba kuɗin sa hannu daidai-wa-daida a kan shekarun kwantiragin, har zuwa biyar, don haka miliyan 6 ke hawa kowace shekara. Nauyinsa a kan geji ya zama miliyan 8 a shekarar farko, sai 20, sai 24, sai 28. Ka ga mutumin da aka ce na miliyan 20 ne a shekara, a kakar farko miliyan 8 kawai ya ci a littafi. Da wannan dabarar ƙungiyar da ake cewa ba ta da fili take ɗaukar mutum uku a rana ɗaya.

Bayan kaka biyu sai janar manaja ya zauna da alƙalami. Idan ya riƙe shi, miliyan 24 zai ci a geji. Idan ya sallame shi, albashin 18 da 22 sun tashi gaba ɗaya tunda babu garanti a kansu, amma ragowar kuɗin sa hannu, miliyan 12, za su faɗo kan littafin shekarar a dunƙule. Wannan shi ake kira mataccen kuɗi, nauyin mutumin da ba ya tare da kai. Ribar sallama ke nan miliyan 12. Tambayar da manajan zai yi wa kansa ba ita ce ko mutumin ya iya wasa ba. Tambayar ita ce ko yaron da aka ɗauko a diraf bara, mai cin miliyan ɗaya da 'yan kai, zai iya yin kashi 80 na aikinsa. Idan amsar e ce, za a kira shi a yi masa godiya, ko a ce ya rage albashi. Tun ranar sa hannu ɗan wasan da wakilinsa sun san kwantiragin na shekara biyu ne a kan miliyan 40, sauran ado ne. Von Miller ya je Buffalo a 2022 a kan miliyan 120 na shekara shida, yana dab da cika shekara 33 a duniya. Babu wanda ya yi tsammanin zai cika shida ɗin. Kaka uku ya yi aka sallame shi a Maris 2025.

Za ka ce ai wannan zalunci ne, kuma ba zan yi maka musu sosai ba. A ƙwallon kwando ta NBA yawancin kwantiragi garanti ne baki ɗaya. Hujjar masu ƙungiyoyin NFL ita ce suna riƙe da mutum 53, wasan kuma na karya jiki ne, kowane gumurzu na iya zama na ƙarshe. Wannan hujjar kuwa ita ce dai ta sa 'yan wasan suka fi kowa buƙatar garanti. Mutum ƙalilan ne suka fasa katangar. Cousins ya bari Washington ta buga masa tambari sau biyu a jere, 2016 da 2017, har na uku ya yi mata tsada, sannan ya karɓi miliyan 84 na shekara uku a Minnesota, duka garanti. Cleveland kuma ta ba Deshaun Watson miliyan 230 duka garanti a 2022, bayan ta miƙa wa Houston gurbi uku na zagayen farko. An dakatar da shi wasa 11 a kakar farko, bai taɓa komawa yadda yake a da ba, agararsa ta tsinke a Oktoban 2024, kuma babu hanyar rabuwa da shi cikin sauƙi. Sauran masu ƙungiyoyi sun mai da wannan cinikin abin nuni duk lokacin da wani ya nemi cikakken garanti, kuma Lamar na cikin waɗanda abin ya shafa.

Mataccen kuɗi mafi shahara shi ne na Russell Wilson. Denver ta ɗauko shi daga Seattle a 2022, ta ƙara masa kwantiragin miliyan 245 kafin ya buga mata wasa ko ɗaya, bayan kaka biyu ta sallame shi, ta ɗauki nauyin miliyan 85 a kan gejinta, 53 a 2024 da 32 a 2025. Ya tafi Pittsburgh yana karɓar mafi ƙanƙantar albashin tsofaffin 'yan wasa, miliyan 1.21, don Denver ke biyan ragowar. Abin mamaki, a kakar da Denver ta ɗauki kason farko na bashin ta kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale da sabon yaro Bo Nix. Akwai kuma masu tura bashin gaba kowace shekara: a mai da albashi ya zama kuɗin sa hannu, a liƙa wa kwantiragi shekarun bogi waɗanda kowa ya san ba za a buga su ba, don kawai a samu inda za a rarraba nauyin. New Orleans ta yi shekaru tana wannan. Dabarar na aiki muddin geji na hawa kuma 'yan wasan na da amfani. Ranar da suka tsufa tare, sai ka ga ƙungiya ba ta cin wasa kuma ba ta da filin gyarawa.

To mu dawo gidanku. Ravens na da wata al'ada tun zamanin janar manaja Ozzie Newsome, wadda Eric DeCosta ya gada a 2019, kuma tana da nasaba da wata doka da sababbin masu kallo ba su cika sani ba. Idan 'yan wasanka da suka tafi a kasuwa sun fi waɗanda ka ɗauko yawa ko daraja, gasar na ba ka gurbin diyya a diraf na shekara mai zuwa, daga ƙarshen zagaye na uku zuwa na bakwai, har guda huɗu. Tun da aka fara rabon a 1994 babu ƙungiyar da ta kai Ravens samun waɗannan gurabe. Ba tsautsayi ba ne, da gangan take yi. Mutumin da wata ƙungiya ta sallama ba ya shiga wannan lissafin, haka wanda aka ɗauka bayan an gama diraf. Shi ya sa za ka ga ta yi shiru a makon farko, ta fito daga baya.

Kasuwar nan kamar kasuwar ragon layya ce: wanda ya shiga lokacin da kowa ke rububi shi dillalai ke yanka, wanda ya iya haƙuri har masu dabbobi suka fara tunanin kuɗin motar komawa gida zai saya da rahusa, sai dai ba lalle ya samu ragon da ya fara hangowa ba. A Maris 2019 New York Jets ta ba C.J. Mosley na Ravens miliyan 85 na shekara biyar, Ravens ta ce Allah ya kiyaye hanya. Wasa biyu ya buga a kakar farko saboda rauni, ta biyun kuma ya janye saboda korona. Ya dawo ya yi wasa mai kyau daga baya, amma Ravens ta ci wasa 14 a kakar da ya tafi. A 2023 ta ɗauki Jadeveon Clowney a watan Agusta da Kyle Van Noy a ƙarshen Satumba, dukansu suna zaune a gida ba mai so, a kan kuɗi kaɗan. Clowney ya kayar da kwatabak sau tara da rabi, Van Noy sau tara, ƙungiyar ta ci wasa 13. Tafiyar Patrick Queen zuwa Pittsburgh a 2024 ta yi wa magoya baya ciwo, tunda gidan abokan gaba ya koma, amma an yanke hukuncinsa tun da daɗewa. Ranar da aka ɗauko Roquan Smith daga Chicago a tsakiyar kakar 2022, aka kuma ba shi miliyan 100 na shekara biyar a Janairun 2023, an gama magana. Matsayinsa ɗaya da Queen, kuma ba a biyan mutum biyu manyan kuɗi a wannan matsayin.

Idan kuma ta shiga kasuwar da wuri, duba wanda take ɗauka. Derrick Henry ya cika shekara 30, a matsayin masu ruga da ƙwallo da ake cewa daga 30 sun ƙare, don haka miliyan 16 na shekara biyu ya ishe ta. Ya ruga yadi 1,921 a 2024. A Maris ɗin dai Philadelphia Eagles ta ɗauki Saquon Barkley a kan miliyan 37.75 na shekara uku, bayan New York Giants ta gwammace ta ba kwatabak Daniel Jones miliyan 160 ta bar Barkley ya tafi. Barkley ya ruga yadi 2,005, Eagles ta lallasa Kansas City 40 da 22 a Super Bowl na Fabrairun 2025, Giants kuwa ta sallami Jones tun a Nuwamba, ta ƙare kakar da nasara uku. Amma cinikin da ya fi burge ni a wannan shekarar ba na Barkley ba ne, na Zack Baun ne. An ɗauko shi daga New Orleans a kan kimanin miliyan 3.5 na shekara ɗaya, ba wanda ya ko ɗaga kai, aka sauya masa wurin tsayuwa a fili, ya zama ɗaya daga cikin gwanayen gasar. Barkley da Henry sun iso kasuwa ne saboda an raina matsayinsu, Baun kuma saboda ba a san inda ya dace da shi ba. Babu ɗayansu da ya iso don ya lalace.

Manyan kwatabak uku da suka sauya tarihi ta wannan kasuwar, kowannensu da tabonsa ya zo. Drew Brees ya je New Orleans a 2006 da kafaɗar da likitocin Miami suka ƙi amincewa da ita. Peyton Manning ya je Denver a 2012 bayan tiyatar wuya ta hana shi buga kaka guda. Tom Brady ya je Tampa Bay a 2020 yana da shekara 42. Duk ukun sun ɗauki kofi a sabon gida. Caca ce aka yi aka ci, kuma waɗanda aka yi aka faɗi sun fi yawa, sai dai ba a cika tuna su ba. Washington ta ba Albert Haynesworth miliyan 100 a 2009, wasa 20 ya buga mata, ta rabu da shi a kan gurbi na zagaye na biyar. Eagles ta 2011 ta tara taurari, ciki har da Nnamdi Asomugha a kan miliyan 60, har aka yi ta kiranta ƙungiyar mafarki, ta ƙare da ci takwas faɗuwa takwas. Le'Veon Bell ya ƙi buga kakar 2018 gaba ɗaya don ƙin tambarin miliyan 14.5, Jets ta ba shi 52.5, ta sallame shi kafin ya cika kaka biyu. Atlanta ta ba Cousins miliyan 180, 100 a ciki garanti, yana fama da agarar da aka ɗinka, bayan makonni shida ta ɗauki Michael Penix a gurbi na takwas, kafin Disamba ta ƙare Cousins na benci. Ita ma Ravens ta sha nata: Earl Thomas ya zo a 2019 a kan miliyan 55, aka kore shi a Agustan 2020 bayan ya yi faɗa da abokin wasansa a wurin atisaye.

Akwai abu guda da ya kamata ka duba kafin ka kwatanta ƙungiyarka da masu facaka: nawa kwatabak ɗinsu ke ci? Tun yarjejeniyar 2011 aka daƙile albashin sababbin shiga. Sam Bradford, na ɗaya a diraf na 2010, ya samu miliyan 78. Cam Newton, na ɗaya a 2011, miliyan 22. Ƙungiyar da ke da kwatabak yaro mai kyau tana da rarar miliyan 40 ko fiye a kowace shekara da za ta watsa a kasuwa, kuma tagar na rufewa cikin shekara huɗu ko biyar. San Francisco ta mori wannan da Brock Purdy, wanda aka ɗauka na ƙarshe, na 262, a 2022, har sai da ta ba shi miliyan 265 a 2025. Ƙungiyar da ta riga ta biya nata kwatabak ɗin dole ta riƙa zubar da wasu. Ravens ta san wannan tun 2013: tana ɗaukar kofi ta ba Joe Flacco miliyan 120.6, a watan ta miƙa Anquan Boldin ga San Francisco a kan gurbi na zagaye na shida. Kansas City ta yi irin haka da Tyreek Hill a 2022, ta karɓi gurbi biyar daga Miami, mutane suka ce ta haukace, ta ɗauki kofi biyu a jere.

Kada ka ɗauka ina wanke Ravens tas. Haƙurin nan na da farashi, kuma a ganina an biya shi a wurin masu cafke ƙwallo. Shekarun da Lamar ke kan albashin yaro, lokacin da akwai rarar kuɗi, ba a kawo masa gwani na sahun farko ba. Da aka tashi kawowa a 2023 sai aka ba Odell Beckham miliyan 15 na shekara ɗaya bayan ya yi kaka guda ba ya wasa, ya ƙare da yadi 565. A 2024 kuma an bar mutum uku cikin biyar na katangar da ke kare kwatabak sun tafi a lokaci ɗaya, ƙungiyar ta faɗi wasa biyun farko kafin sababbin su saba da juna. Tsarin na kai ƙungiya sili-ɗaya-ƙwale kusan kowace shekara, amma tun kakar 2012 ba ta sake ɗaga kofin ba a duk shekarun da na ambata, kuma magoyin bayan da ya ce a wani lokaci ya kamata a rufe ido a sayi mutum ɗaya mai tsada yana da hujjarsa. Los Angeles Rams ta yi hakan, ta zubar da gurabenta ta kwaso Matthew Stafford da Von Miller, ta ci kofi a Fabrairun 2022, kakar da ta biyo baya ta ci wasa biyar kacal.

Maris dai kashi ɗaya ne na aikin. Bayansa akwai diraf, sai sansanin atisaye inda kowace ƙungiya ke tara mutum 90, sai ƙarshen Agusta da ake zaftare su zuwa 53 a rana ɗaya, sama da mutum dubu su wayi gari ba aiki, wasu ƙungiyoyi su bi suna tsinta. Daga cikin waɗanda aka zubar ake haɗa tawagar atisaye ta mutum 16, da ƙarin gurbi na 17 da aka ware wa ɗan ƙasar waje, wanda 'yan Najeriya da dama suka shiga ta cikinsa ta shirin da Osi Umenyiora ke jagoranta. Idan kana son sanin ko wani babban suna na cikin haɗari a ƙungiyarku, buɗe shafin kwantiraginsa, ka duba nauyinsa a geji na baɗi, ka cire mataccen kuɗin da zai bari. Idan ragowar ta haura miliyan 10, shekarunsa sun kusa 30, kuma an ɗauki yaro a matsayinsa a diraf ɗin da ya wuce, kada ka yi gaggawar sayen rigarsa.